Darbejiyar Bayan Katanga

Darbejiya baƙuwa ce a ƙasar Hausa, sai dai ta daɗe har an manta ba 'yar gida ba ce. Asalinta Indiya da Bama. Guggisberg, Baturen da ya yi gwamna daga 1919 zuwa 1927 a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, shi ya sa aka yi ta dashenta a can. A 1928 ta iso lardin Borno, daga nan malaman daji na En'e suka bi da ita bakin titi da kasuwa da makaranta da maƙabarta, har ta zama ita ce itacen gari. Duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da take bayarwa ta sama: inuwa a tsakiyar bazara sa'ad da wasu itatuwan suka kakkaɓe, asuwaki kyauta, ganyen sirace in zazzaɓi ya kwantar da yaro. Abin da take yi ta ƙasa kuwa, sai wanda ya haɗa katanga da mai ita.

Mu mun haɗa. Gidanmu yana bayan Dala ta wajen Gwammaja, ginin ƙasa irin na da: zaure, ɗakuna a jere, tsakar gida mai daɓe, rijiya a kusurwa ɗaya, shadda a ɗaya kusurwar. Ta yamma katangarmu ɗaya da wani dattijo mai sayar da yadi a Kantin Kwari, wanda manya ke ce wa Alhaji, mu yara mu ce Baba Alhaji. Darbejiyarsa tana tsaye taku uku daga katangar, gindinta ya fi ƙarfin yaro ya rungume. Da yake ta yamma take da mu, da an yi azahar inuwarta ta tsallako ta kwanta a tsakar gidanmu har magariba. A nan Inna ke tsintar shinkafa, a nan ake kitso, a nan muke wanke allo. In za a faɗi gaskiya, gidan Alhaji ke da itace, mu ke shan inuwa.

Tun ina ƙarami na san tsiron darbejiya a tsakar gida, kuma bai taɓa damun kowa ba. Jemagu kan kwana suna shan 'ya'yanta, su tsotse zaƙin su yar da ƙwallon. Da ruwa ya sauka sai ƙanana su fito rututu a gindin katanga. Irin waɗannan da yatsu biyu ake zare su, su taho da 'yar saiwarsu fara, siririya, miƙaƙƙiya, wani lokaci har da ɓawon ƙwallon a maƙale. Ka jefar a rana, shi ke nan.

Wajen 1986 wani iri dabam ya fara fitowa. Lokacin ana tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda aka gada daga mulkin Buhari da Idiagbon, ba mai fita daga bakwai zuwa goma na safe, kuma aikina ne in cire ciyawar gindin katanga kafin duba-gari su leƙo. Na kama wani tsiro kusa da rariya, na ja, ya ƙi. Ganyensa manya ne, ja-ja, karansa ya fi na 'yan ƙwallo kauri nesa ba kusa ba. Na ƙara ƙarfi, ganyen ya suɓuce ya cika mini hannu, karan na nan tsaye. Yaya ya kawo fartanya muka tona. Ba mu yi zurfin taƙi guda ba muka ci karo da ita: saiwa ce a kwance, kaurin tsintsiyar hannu, ta fito daga ƙarƙashin katangar Alhaji ta nufi wajen wanke-wanken Inna. Tsiron ba shi da saiwar kansa ko kaɗan, daga jikin babbar ya ɓullo. Da muka ɗaga kai sai muka lura sauran ma ba a warwatse suke ba, a jere suke, layi guda, daga katanga zuwa bakin rariya.

Ƙasar wajenmu marmara ce kusa-kusa. Saiwa in ta sauka ta ci karo da ita sai ta kwanta ta bi gefe tana neman danshi, kuma takan yi nisan da ya wuce iyakar inuwar bishiyar sosai. Danshi kuwa ta wajenmu yake. Rijiyar Alhaji tana can ɗaya ƙarshen gidansa, mu kuma wurin wankinmu da wanke-wankenmu da shaddarmu duk suna bin wannan katangar.

Yaya ya kawo gatari ya datse saiwar a gindin katanga, ya ƙara datse ta a tsakiya, muka mayar da ƙasa muka taka. Damina ba ta ƙare ba kowane bakin sara ya fitar da tsiro, ba ɗaya ba, cunkus. Wanda aka yanke da lauje daidai ƙasa kuwa sai ya dawo da kai uku ko huɗu. Daga nan mata suka karɓi yaƙin. Aka zuba toka, aka zuba tafasasshen ruwa, wata ta ce gishiri, wata ta ce kananzir. Gishirin dai ya yi aiki, amma a kan lallen Inna da barkononta. Darbejiya ta ƙone ganye na ɗan lokaci ta sake fitowa taku ɗaya gaba. Wani bakanike a lungunmu ya kawo galan na baƙin mai ya ce wannan ne ajalinta. Babanmu ya tare shi a zaure.

"Na gode ƙwarai," in ji shi, "amma rijiyar nan ita muke sha."

Galan ɗin bai shiga gidan ba.

Ɓarnar a hankali take tafiya. Daɓe ya ɗaga ya tsage layi-layi. Rariya ta riƙa toshewa. In ka zura hannu sai ka jawo curin ƙananan saiwoyi, sirara, baƙaƙe, masu wari, sun saƙa kansu cikin laka. Katanga ta yi tsaga daga ƙasa, ƙadangaru suka mayar da ita gida.

"Malam, ka yi wa Alhaji magana mana," in ji Inna wata rana bayan isha'i.

"In ce masa me? In ce itacensa ya shigo mini gida ba sallama?"

Alhaji shi ya yi walicin auren yayarmu. Ba a taɓa yanka rago a gidansa ba a aiko mana ba. Irin wannan mutum ba a tunkararsa da ƙorafi a kan saiwa, balle Baba mai kawaici. Sai maganar ta bi hanyar mata. A wajen wani suna Inna ta ɗan gutsura wa Hajiya, matar Alhaji, cikin raha; Hajiya ta amsa, ita ma cikin raha, cewa mai shan inuwa ai ba ya ƙin ɗan tsiro. Kowacce ta yi dariya, kowacce kuma ta riƙe.

Watan Agustan 1988 ba Bakanon da ya yi wayo a lokacin da zai manta shi. Ruwa aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, dam ɗin Bagauda ya fashe, gidajen ƙasa dubbai suka zube a birni da ƙauye. In dare ya yi ba mai barcin kirki, kowa kunnensa na kan rufi yana sauraron yoyo da kukan azara. Tamu katangar da asuba ta tafi, ana kiran assalatu. Wani gurnani muka ji, sai dim. Ta wajenmu ta faɗo, ta danne akurkin kaji da randa biyu. Allah ya tsare, ba kowa a wurin. Da gari ya waye sai ga tsakar gidan Alhaji da tamu sun zama ɗaya, matan gida biyu suna rige-rigen neman mayafi. A inda harsashin katangar yake kuwa ruwa ya wanke ƙasa, ga manyan saiwoyi uku a fili, babbar ta kai kaurin cinya.

Duk wanda ya zo jaje, da ya gama "Allah ya kiyaye gaba" sai ya nuna saiwar da baki ya girgiza kai. Ni dai har yau ban yarda darbejiya ce kaɗai ta kayar da katangar nan ba. An yi shekaru ba a yi mata yaɓe ba, kowane gida na jiran ɗayan ya fara. Ruwan rariya ya daɗe yana cin gindinta. Kuma a watan nan katangu nawa suka faɗi inda ko tafasa babu kusa? Saiwa ta raunana ta, ban musa ba. Amma ruwan sama ba a kai shi ƙara, sakaci kuma ba a ganinsa da ido, saiwa ce kaɗai ke kwance a fili ana iya nunawa.

Aka kafa zana tsakani. Maganar wa zai gina katanga ta kai gaban mai unguwa, kuma ba Baba ne ya kai ba, Baffa ne, ƙaninsa, wanda a lokacin zafin sabon karatu ke ɗibarsa. Ni aka sa na kai tabarmi, na kuwa maƙale a bakin zaure ba wanda ya kore ni.

Mai unguwa ya ce liman ya fara. Liman ya ce malamai ba su bar wannan ba, akwai fasali guda a Tuhfa a kan cutarwar itatuwa. Tuhfa ita ce littafin Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a 1426, kuma da ita alƙalanmu ke hukunci tun da daɗewa. Ya ce tambaya ɗaya ke raba gardama: wa ya riga wani, katanga ko itace? In katanga ce ta riga, duk abin da ke cutar da ita daga itacen sai a yanke shi. In itacen ne ya riga, to mai gini ya gan shi ya yi gininsa, kuma maganar da ta fi shahara ita ce a bar shi.

Aka dubi Alhaji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na yi wa kaina shaida. A tambayi Iya."

Aka tura ni tare da ɗansa. Muka tarar da tsohuwar, mahaifiyar Alhaji, a ɗakinta da carbi a hannu, muka durƙusa muka faɗi saƙo. Ba ta ko yi tunani ba.

"Ku ce musu katanga ta riga. Zamanin Sarki Sanusi, shekarar da Sarauniya ta zo, mai gidan ya kawo ta a gwangwani daga wajen malaman daji. Ni na kewaye ta da ƙaya saboda awaki, da ruwan alwalata ta rayu. Katanga kuwa tararta na yi."

1956 ke nan. Ta san sarai abin da amsarta za ta jawo wa ɗanta, ta kuma faɗa.

Hukunci ya fito mai sauƙi: a yanke saiwar da ta tsallako, a haɗa kuɗi a gina katanga, bishiya ta zauna inda take. Da an tashi a nan, da ƙila ba ni da labarin bayarwa. Sai Baffa ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta malam, ina kuma labarin Samura?" Ya kawo abin da ke cikin Sunan na Abu Dawud: sahabin yana da dabino a cikin gonar wani mutumin Madina, shigarsa tana takura wa iyalin mai gona, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya nemi ya sayar ya ƙi, ya yi musaya ya ƙi, ya bayar kyauta ya ƙi, sai aka umarci mai gona ya tumɓuke. Liman ya yi maza ya ce wancan dabam, wannan dabam, ai Alhaji ba abin da aka nema ya ƙi. Baba ya harari ƙaninsa. Amma magana ta riga ta fita.

Alhaji ya ɗauki takalmansa. "Na ji hukunci, ranka ya daɗe, na kuma karɓa. Sai dai ba za a sake kafa misali da ni a zaure a kan itace ba."

Da hunturu ya shigo aka gina katanga da bulo. Ba a gama cire katakon magina ba sai ga masu saran itace da igiyoyi da gatura. Daga sama suka fara, reshe-reshe, suna ɗaurewa suna saukewa don kada su taɓa sabon gini. Kafin la'asar ɗin washegari abin da Iya ta shayar da ruwan alwala ya koma kututture mai tsawon gwiwa, jajir a tsakiya. Iya ba ta fito daga ɗaki ba har suka tafi. Alhaji ya sa aka faskara, aka cika amalanke, aka turo ƙofar gidanmu, wai a ba Inna ta yi girki. Inna ta tsaya ta dubi tulin itacen ta ce, "Wannan itace ne ko magana?" Ta dai aika da godiya, ta kuma ƙona shi har ƙarshe.

Azumin 1989 a watan Afrilu ya faɗo, tsakiyar zafi. A shekarar muka san abin da muka rasa. Da azahar ta yi daɓen tsakar gida ba ya takuwa ba takalmi, sabuwar katangar bulo kuma tana riƙe zafi har bayan tarawihi. Mata suka koma girkin buɗa-baki a ƙarƙashin 'yar rumfar buhu. Ba wanda ya ambaci darbejiya, amma Baffa ya rage zuwa gidan da rana.

Aƙalla dai, in ji kowa, an rabu da tsiro.

Ruwan Yuni ya sauka, sai ƙasa ta amsa. Abin da muke fama da shi a da layi ɗaya ne ko biyu. Yanzu ko'ina ne: tsakar gidanmu, tsakar gidan Alhaji, cikin lungu, har gida na uku da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kututturen kansa ya yi gashin toho ta kowane gefe. Wata safiya Inna na shara ta kira ni ɗakinta ta ɗaga zanen gado. A ƙarƙashin gadon ƙarfe, ta wata tsaga a daɓe, ga tsiro ya fito cikin duhu, fari fat, dogo, ganyensa bai buɗe ba, ya lanƙwasa kai ya nufi hasken ƙofa. Wasu mata suka fara cewa mutanen ɓoye ne da ke kan bishiyar suka yi fushi. Iya ta ce ita a tsawon rayuwarta tsamiya da kuka ta sani da wannan, ba ta taɓa jin aljani ya zauna a darbejiya ba.

Akwai wani tsohon malamin daji da ke salla a masallacinmu, wanda ya yi aiki a shingen itatuwan tare iska na wajen Dambatta da Kazaure. Shi ya shigo bayan la'asar, ya zagaya gida biyun hannu a baya, ya tsuguna a gaban kututturen.

"Alhaji, wa ya ce ka sare ta?"

Alhaji bai amsa ba.

"Ai uwa in tana raye 'ya'ya ba sa ɗaga kai. Ka kashe uwa, ka bar musu rumbu cike."

Ya yi bayani dalla-dalla. Saiwa tana da idanu a jikinta da suke barci. Muddin kan bishiya na nan yana toho, akwai abin da yake saukarwa ƙasa da ke danne su. Ka sare kan, ko ka datse saiwa ta rabu da gindi, dannewar ta tafi, idanun su farka gaba ɗaya, ga kuma abincin shekara talatin da wani abu ajiye a cikin saiwar. Shi ya sa kowane saran gatari ke haifar da cunkus, shi ya sa kuma sare bishiyar ya fi komai muni. Daga baya na tarar da maganar a littattafan kimiyyar tsirrai, sunan sinadarin oksin, amma ba su ƙara mini wani abu a kan abin da tsohon ya faɗa a tsugune ba.

Ya ba Alhaji zaɓi biyu. Ko a kashe kututturen gaba ɗaya, a saɓe ɓawonsa, a tara masa buntu ko kashin shanu wuta ta ci shi a hankali, sannan a yi haƙurin shekaru ana tsinke duk abin da ya fito. Ko kuma a zaɓi toho mafi ƙarfi a jikinsa a bar shi ya zama bishiya, a cire sauran, ita ta riƙe saiwoyinta, a kuma haƙa rami a bakin iyaka. Alhaji yana shirin cewa a ƙona, sai aka aiko daga ɗakin Iya cewa in an sa wa kututturen nan wuta ita ma a nema mata wani gidan. Aka bar toho.

Masu haƙar rijiya aka ɗauko, mutum biyu da dagi da diga. Ta wajen Alhaji suka haƙa, kamu guda daga katanga don kada a taɓa harsashi, tsawon katangar duka, zurfin ƙugu, har dagi ya fara tartsatsi a kan marmara. Duk saiwar da aka tarar, tsohon ya hana a sa mata gatari. Da zarto ake yanke ta, baki sumul, a cire guntu mai tsawon faɗin ramin. Ni ke karɓar guntayen ina fitarwa. Ɗacin saiwar darbejiya ba ya fita da sabulu. Daren nan na wanke hannu na sake wankewa, na kai lomar tuwo baki, sai da na yamutsa fuska, Inna ta zaci miyarta ce.

Aka yi ɗan ja-in-ja a kan abin da za a sa a ramin. Alhaji yana da tsofaffin kwanon rufi, ya ce a jera su a tsaye a rufe. Tsohon ya ce kwano 'yan shekaru ne tsatsa ta huda shi, saiwa kuma ko ƙofar allura ta samu ta wuce. A ƙarshe aka yi duka biyun: kwano ya zama allon zubi, aka cika bayansa da kankare, aka bar bakinsa ya ɗan ɗago sama da ƙasa don kada saiwa ta haura ta kai. A bakin ramin nan na fara ganin Baba da Alhaji sun tsuguna wuri ɗaya tun bayan zaman zaure, suna ta mitar yadda siminti ya yi tsada. Kuɗin rabi da rabi suka biya, Baffa kuma Baba ya sa shi sayen tsakuwa.

Ta wajenmu aiki ya fi tsawo, don saiwoyin da ke ƙarƙashinmu sun zama marayu, kuma maraya shi ya fi tsiro. Waɗanda ke fili muka bi su muka tone, tun daga katanga har inda suka sirance. Waɗanda suka shige ƙarƙashin ɗakuna ba yadda za a yi da su sai yunwa. Dokar tsohon ita ce kada a bar ganye ya yi kore. Muddin yana ja, daga ajiyar saiwa yake ci. Da ya yi kore ya fara mayar mata. Kuma ba yanka ake yi ba: a tona har inda ya manne da saiwa, a fizge shi da ɗan ɓawon gindinsa, don idanun da ke kewaye su taho tare. Aka kuma matsar da wurin wanke-wanke, aka yi wa rariya siminti har kwata. Daminar 1990 tsiron ya ragu, ya kuma sirance. Ta 1991 sai jefi-jefi. Bayan nan 'yan ƙwallon jemage ne kawai suka rage, su kuwa tsoffin sani ne.

Shekaru da yawa bayan haka, a hanyar Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, na ga gonaki cike da gawo da kalgo da sabara, na tambaya wa ya dasa, aka ce ba wanda ya dasa. Tun 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara toho ne daga kututture da saiwoyin itatuwan da aka sare tuntuni, suna nan da rai a ƙasa. Sai aka koma zaɓen masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Sassabin zamani suke ce masa, kuma ana ƙiyasta ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da tsohon malamin daji ya sa aka yi wa kututturen Alhaji ke nan, ba ragi ba ƙari. Ƙarfin da ya fasa mana daɓe shi ne ya rufa wa Maraɗi asiri.

Tohon Alhaji kuwa, da yake a kan tsohuwar saiwa yake, bai yi jinkirin dashe ba. Cikin 'yan shekaru ya wuce katanga. Iya ta zauna a inuwarsa kafin ta rasu. Alhaji ya riƙa sa a rage masa kai lokaci-lokaci, kaɗan-kaɗan, bai sake bari an yi masa aski mai yawa ba.

Yanzu gidaje sun koma bulo da intalok, filaye sun ƙanƙance, kuma akwai abin da ba mu da shi a lokacin: maganin kashe ciyawa mai bin jijiya, irin su gilaifoset, a kowane shagon kayan noma. Kwanakin baya ɗan yayana ya kira ni daga wata sabuwar unguwa. Maƙwabcinsa yana da gwaiba kusa da katanga. Da masu haƙar sokawe suka datse mata saiwa, sai tsiro ya fara ɓullowa tsakanin intalok ɗinsa. Mai shago ya ce ya yanke kowanne ya shafa maganin a bakin yankan, ya kuwa yi. Tsiron ya mutu sarai. Sai dai ba duka ne daga yankakkiyar saiwa suka fito ba, wasu har lokacin suna haɗe da uwar, maganin kuma inda ruwan jikin tsiro ya bi nan yake bi. Bayan 'yan makonni gwaibar ta yi rawaya ta gefe ɗaya, ta zubar da 'ya'ya, sabon ganyen da ta fitar ƙanana a murɗe. Maƙwabcin ya ga kwalbar a bola, ya kai magana gaban mai unguwa.

"Baffa," in ji yaron, "wai Tuhfa ta ce wani abu a kan wanda ya kashe itacen maƙwabci daga cikin gidansa?"

Na ce wannan sai liman. Amma kafin ranar zama ya je wajen masu dashe ya sayi gwaiba mai aure, ya kuma tambayi nawa masu haƙa ke karɓa a kan rami mai zurfin ƙugu.